Shiru Dabam, Salama Dabam

A cikin sujadar ɗaurin aure akwai wurin da limamin Ikkilisiya yakan ɗaga kai daga littafi, ya dubi jama'a, ya tambaya ko akwai wanda ya san wani dalili da zai hana a haɗa waɗannan biyu. In akwai, sai ya faɗa nan take. In kuwa bai faɗa ba, to, ya kama bakinsa har abada. A ikkilisiyoyin da suka gaji tsarin sujada daga Ingila, kalmomi uku ne na Turanci suke ɗauke da wannan kashedi, wato "hold your peace". Kusan dukanmu mun sha jinsu, yara ma sukan kwaikwaye su cikin wasa. Amma kaɗan ne suka iya faɗarsu daidai, waɗanda suka san abin da suke nufi kuwa sun fi kaɗan.

Ni katikis ne a wata ƙaramar ikkilisiya cikin zangon Kumasi, a ƙasar Gana. Yawancin jama'armu daga arewa suka fito, akwai Kusasi, da Frafra, da Busanga, da Moshi, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da majami'a. Idan Rabaran ya zo ɗaurin aure yakan karanta da Turanci, ni kuwa in tsaya gefensa ina juyawa da Hausa. Wannan aiki na tafinta shi ya sa na zauna na bi waɗannan kalmomi ɗaya ɗaya, gama abin da ya fito daga bakin tafinta shi jama'a za su tafi gida da shi.

Bari mu fara da yadda ake faɗarsu. Kalma ta fari ita ce "hold". Wahalarta tana ƙarshe, inda baƙaƙe biyu suka haɗu, l da d. Mu a Hausa yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, ba mu kuwa da kalmar da take ƙarewa da baƙi biyu a jere. Shi ya sa da muka ari kalmomin Turawa muka yi musu gyara, muka ce benci, muka ce burodi. To, idan harshen da ya saba da Hausa ya iske l da d tare, ɗayan biyu yakan yi: ko ya ƙara wasali ya ce "holdi", ko ya yar da d ɗin. Ƙara wasali bai ɓata ma'ana ba, amma yar da d yakan ba da wata kalma dabam, "hole", wato rami. Abin ya fi muni a kalmar abin da ya wuce, "held", gama in aka yar da d ɗinta sai ta koma sunan gidan wuta. Maganin abin shi ne, bayan ka faɗi l, kada ka janye harshe daga bayan haƙoran sama sai ka sake shi da ɗan ƙarar d. Wasalin tsakiya kuma ba irin o ɗinmu ba ne sosai, yana ƙarewa da ɗan u, baki yana tsukewa.

Kalma ta biyu, "your", ba ta da wuya. Mutanen Ingila ba su kaɗa r ɗin ƙarshenta. In suna magana da sauri kuma, d na kalmar fari da y na ta biyu sukan narke su zama kamar j. Wanda ya ji haka kada ya yi tsammani mai karatun ya yi kuskure.

Kalma ta uku, "peace", ita ce mai tarko uku. Tarko na fari shi ne harafin p. A Hausa p da f abu ɗaya ne. Wani ya ce "fara", wani ya rufe leɓe ya ce kamar "para", mutumin Sakkwato ko na Nijar ya ce "hwara", ba kuwa wanda zai ce ma'ana ta sake. A Turanci ba haka ba ne, haruffa biyu ne dabam. Wajen f haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, iska tana fita a hankali. Wajen p kuwa leɓuna biyu ne suke rufewa ƙam, sa'an nan su buɗe da bugun iska. Nakan sa yaran ajin baftisma su riƙe 'yar takarda a gaban baki. In p ta fito daidai, takardar za ta motsa. Wanda ya sa f a nan, masu ji za su ɗauka kuɗin makaranta yake nufi, wato "fees".

Tarko na biyu shi ne tsawon wasali. Mu ma muna da dogon wasali da gajere. Gari da ake zama cikinsa da gari da ake tuwo da shi, tsawon a ne kaɗai ya raba su. Amma akwai wata ɗabi'a ta Hausa, idan baƙi ya rufe gaɓa sai dogon wasali ya gajarce. Ka ce "gida", ka ji yadda a na ƙarshe ya ja. Ka ce "gidanmu", ka ji ya tsinke. Wannan ɗabi'a ita muke kaiwa cikin Turanci ba da sani ba. Kalmar "peace" tana da dogon i, ga kuma s ya rufe ta, sai harshenmu ya gajarta ta. In kuwa ta gajarce, ta zama wata kalma ta rashin ladabi mai nufin fitsari, wadda ba ta dace da gaban bagade ba. Saboda haka a ja wasalin sosai. Tarko na uku ƙarami ne: ƙarshenta s ne, ba z ba, gama da z sai ta zama "peas", wani irin wake.

Akwai kuma wata kalma, "piece", mai nufin yanki ko gutsure. A kunne ba ta da bambanci ko kaɗan da tamu, a rubutu ne kawai suka rabu. Na sha ganin ta a takardun shirin biki a wurin da bai kamata ba. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne akwai wani salon magana, "say your piece", wato ka faɗi abin da ke ranka, wanda kishiyar namu ne. 'Yan'uwa na Nijar da Cadi da suka yi karatun Faransanci sun fi mu sauƙi a nan. Kalmomin biyu daga Faransanci suka shiga Ingilishi, bayan da Normandawa suka ci Ingila a shekarar 1066, har yau kuwa a Faransanci "paix" da "pièce" ba su kama da juna a kunne.

Sai mu dubi nahawu. Wanda ya san "kama bakinka" ya riga ya san rabin dokar. Mukan ce na kama bakina, ta kama bakinta, sun kama bakinsu. Ƙarshen kalmar yana bin mai yin aikin. Haka yake a Turanci. Idan ni ne, sai in ce "I hold my peace". Idan mace ce, abin kuma ya wuce, "she held her peace". Idan suna da yawa, "they held their peace", ba a ƙara s a ƙarshe, gama kalmar ba ta da jam'i a nan. Ba a cewa "holded", babu wannan a Turanci. Ba a kuma sa "the" a tsakiya. Akwai "keep the peace", amma wannan yana nufin kiyaye doka da hana fitina, irin aikin 'yan sanda da dattawan unguwa. Wani bambanci kuma shi ne, mu mukan raba bakinka, da bakinki, da bakinku, amma "your" ɗaya ce ta tattara namiji da mace da taro duka.

A cikin wannan doka akwai abin lura. Mutum ba ya riƙe shirun wani, nasa kaɗai yake riƙewa. Ba a cewa na kama bakinsa da nufin na yi shiru. Wanda ya yi shiru, shirun nasa ne, alhakinsa kuma a wuyansa yake.

Yanzu mun zo ga ma'ana, inda babbar ɓarna take. Wanda ya yi 'yar makaranta ya san "hold" riƙewa ne, "peace" kuwa salama. Sai ya haɗa su ya ce, "ku riƙe salamarku", ko kuwa "kowa ya zauna lafiya". Na ji tafintoci da dama suna juya ta haka. Amma salon magana ba a fassara shi kalma kalma. Baturen da ya ji mun ce "ya ci amana" ba zai sami ma'ana ba in ya tafi neman abin da aka tauna. A tsohon Turanci wannan kalma tana kuma ɗauke da ma'anar tsit, wato rashin ƙara. Ma'anar kalmomin uku gaba ɗaya ita ce yin shiru, ba wani abu ba. Babu alkawarin kwanciyar rai a ciki, babu kuma umarnin a guje wa tashin hankali. A Turancin yau ma ba a cika jinsu a hira ba, sai a majami'a, da tsofaffin littattafai, da wurin masu ba'a.

Littafi Mai Tsarki na Turanci wanda aka buga a 1611, zamanin Sarki Yakubu na Ingila, ya yi amfani da wannan salon magana a wurare da yawa. In ka bi su za ka ga shiru iri biyu ne. Akwai shirun Haruna a Littafin Firistoci sura 10, sa'ad da 'ya'yansa biyu suka mutu a gaban Ubangiji. Akwai shirun Ubangijinmu Yesu a gaban babban firist, a Markus sura 14, lokacin da shaidun ƙarya suke ta zuba. Wannan shiru ne na bangirma da haƙuri. Amma da kalmomin nan dai aka ba da labarin kutare huɗu a ƙofar Samariya, a Sarakuna na Biyu sura 7, waɗanda suka sami abinci a sansanin Suriyawa mutanen birni suna mutuwa da yunwa, suka gane shirunsu laifi ne. Da su Mordekai ya gargaɗi Esta, a sura 4, kada ta yi shiru ana shirin hallaka mutanenta. Da su kuma taro suka tsawata wa makaho Bartimawas, a Markus sura 10, shi kuwa ya ƙi, ya ƙara ɗaga murya har ya sami ganin gari. Ashe kalmomin ba su yabi shiru ba, ba su kuma kushe shi ba. Lokaci da dalili ne suke nuna ko wane iri ne.

Tambayar da ake yi ranar aure tana da tarihi mai tsawo. A shekarar 1215 babban taron Ikkilisiya na Lateran na huɗu, a birnin Roma, ya umarta a riƙa sanar da aure a fili kafin a ɗaura, domin a hana auren ɓoye. A 1549 Akbishop Toma Kiranma na Kantabari ya fitar da Littafin Addu'a na Turanci, a cikinsa akwai wannan kira, bugun 1662 kuma ya riƙe shi. Daga can 'yan mishan suka kawo mana shi, tare da al'adar karanta sanarwar aure ranar Lahadi har sau uku. 'Yan'uwanmu Katolika ba su yin tambayar a cikin sujadar kanta, sukan yi bincikensu tun kafin ranar. Ikkilisiyar Ingila kuma, a sabon littafin sujadarta na shekarar 2000, ta bar tambayar amma ta cire zancen yin shiru har abada. A nan Gana, dokar aure ta 1884, wadda ake ɗaura auren majami'a a ƙarƙashinta, mace ɗaya ta yarda wa namiji. Wanda yake da matar al'ada da rai, ya kuma ɗaura irin wannan aure da wata, ya yi laifi a gaban hukuma.

Duk wannan ya nuna mana abu ɗaya. Ba don a rufe bakin mutane aka kafa tambayar ba, don a buɗe shi ne. Kiran yana da kashi biyu, magana ce ta fari, shiru ne na biyu. Mu kuwa mun juya su. Ranar da aka ce mu faɗa sai mu yi tsit, bayan an watse kuma mu yi ta faɗa har abada.

Na ga abin da wannan yake jawowa. Wata yarinya da ta tashi a ajin katikisim namu ta yi aure a wani gari, a wata ikkilisiya. Mijin ma'aikaci ne, mai ladabi, ba ya fashin sujada. An karanta sanarwa Lahadi uku, ranar biki aka yi tambaya, majami'a ta yi tsit. Ba a cika shekara ba sai ga wata mace ta sauka daga motar arewa da yara biyu, tana neman gidan mijinta. An biya sadakinta bisa al'ada tun da daɗewa, ba a kuma rabu ba. Sai ga shi mutanen garin mijin da ke cikin wannan ikkilisiya duk sun san da ita. Nan da nan baki ya buɗe, kowa yana cewa dama ya sani. Ihu bayan hari ke nan. Yarinyar ta koma gidan iyayenta da ciki, matar fari ta koma arewa da baƙin ciki, yara uku kuma suka tashi cikin rigimar da ba su suka jawo ba.

Daga baya na sami zama da wani dattijo cikin waɗanda suka sani. Na ce masa, "Baba, kana zaune a wurin aka yi tambaya, me ya hana ka magana?" Ya ce, "Malam, ranar farin ciki ce. An dafa abinci, baƙi sun zo daga nesa. Kana so a ce ni ne na ɓata taro? Ai tafinta ma cewa ya yi kowa ya riƙe salama." Ban ga mugunta a fuskarsa ba. Mutum ne da aka rene shi a kan cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma a bar kaza cikin gashinta. Ya ji kalmar salama daga gaban bagade, sai ya ɗauka Ikkilisiya ma tana goyon bayan shirunsa. Ban ce fassara ce kaɗai ta jawo wannan ba, gama tsoro da kunya da zumunci duk suna ciki. Amma fassarar ta ba tsoro rigar ibada ya sa.

Gaskiya ne baki shi ke yanka wuya, magana kuma zarar bunu ce. Wasiƙar Yakubu sura 3 ta ishe mu gargaɗi a kan harshe. Amma Littafin Firistoci sura 5 ya nuna cewa wanda aka kira shaida, ya kuwa san abin, ya ƙi faɗa, laifin yana kansa. Salamar da aka saya da ɓoye gaskiya bashi ce, wani ne kuwa yakan biya, sau da yawa mace da 'ya'yanta.

Ba kowane abu ne dalili ba. Kishi ba dalili ba ne, haka kuma ƙabila, ko talaucin ango, ko tsohuwar soyayya, ko bashin da ba a biya ka ba. Dalilan da Ikkilisiya take nema su ne irin waɗannan: ɗayansu yana da aure da bai mutu ba, ko su biyun dangi ne na kusa da doka ta hana, ko yarinyar ba ta kai shekarun aure ba, ko kuwa tilasta mata aka yi. Wanda ya san irin wannan kada ya jira ranar biki. Dalilin Lahadi uku ke nan. Ya fara zuwa wurin mutumin shi kaɗai, yadda Matiyu sura 18 ta koya mana. In bai ji ba, ya sami katikis ko Rabaran a asirce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ta haka za a tsare mutuncin kowa, a kuma tsare yarinya kafin a dafa shinkafa.

Kashi na biyu ma yana da nauyinsa. Wanda ba shi da dalili sai ƙiyayya, aka kuma ɗaura aure a gabansa, to, ya kama bakinsa da gaske, a bakin rijiya, da kasuwa, da bayan majami'a. Aure da yawa ba wani babban asiri ne ya kashe su ba, gulmar masu bi ce. Amma kada a ɗauki "har abada" a mai da shi murfin mugunta. Shirun jama'a ba ya halatta auren da doka ta haramta. Ba ya kuma nufin matar da ake duka ta yi gum, ko maƙwabta su toshe kunne. Wannan wani al'amari ne dabam, dattawan Ikkilisiya da hukuma suna da hakkin su ji shi.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana katikis da tafintoci, duk inda ake juya sujada da Hausa, mu kula da wannan wuri. In za mu faɗi Turancin, mu rufe leɓe, mu ja wasali, kada mu yar da d. In za mu juya shi, mu ce "ya kama bakinsa", kada mu sa kalmar salama a inda ba ta. Mu ɗaga murya a kashi na fari fiye da na biyu, mu kuma ɗan dakata bayan tambayar, domin jama'a su san amsa ake jira. Tun ranar sanarwa ta fari mu gaya musu ƙofarmu a buɗe take ga wanda yake da magana.

Ubangiji ya ba mu hikimar sanin lokacin magana da lokacin shiru, ya ba mu ƙarfin hali mu faɗi gaskiya cikin ƙauna, ya kuma kiyaye gidajen masu bi cikin salamarsa ta gaskiya. Amin.